Motata tana neman in riƙa biyanta kuɗin wata: in biya ko in ƙyale?

Mai tambaya, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, don abin ya gagari makanikena.

Bayan babbar sallah na sayo jif 'yar 2022 a Legas, shigowar Amurka ce ta tashar Tin Can, takardun kwastan sun cika. Lafiyarta ƙalau. To kwanan nan duk na tayar da ita sai rubutu ya fito a allon gaba, wai lokacin gwaji na kyauta ya kusa ƙarewa, in shiga manhajar kamfani in sabunta. Abubuwan da ta jero sun haɗa da tayar da mota daga waya, kulle ƙofa daga nesa, ganin inda motar take, taswira, da wani madanni mai rubutun SOS a sama kusa da madubi.

Na kira yaron dilan da ya sayar mini, ya ce in tura masa naira 120,000 zai buɗe mini na shekara guda. Ya ƙara da cewa in na yi sakaci motar na iya kulle kanta. Nan ne hankalina ya tashi, don ina yawan bin hanyar Jega zuwa Koko da Yauri, ba wurin da mutum zai so mota ta mutu masa ba ne. Sannan makullinta yana da madannin da ke tayar da ita tun ina cikin gida, esi ya sanyaya kafin in fito. Wanda ya san zafin Birnin Kebbi na watan Afrilu ya san wannan ba gayu ba ne. Shi ma zai daina? Kuma in aka sace ta, wannan tsarin zai nemo mini ita?

Riwaya na Jega:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka tura masa ko sisi. Motarka ba za ta tsaya ba. Inji, giya, birki, esi, kyamarar baya, babu wanda ke jiran kuɗin wata. Maganar za ta kulle kanta barazana ce kawai don ka yi saurin turawa.

Na sha kwance gaban irin waɗannan motoci. A bayan allo ko ƙarƙashin dashbod akwai wani ƙaramin akwati, bai kai tafin hannu biyu ba, wayoyinsa sun haura zuwa eriyar nan ta kan rufi. A cikinsa akwai layin waya, amma ba irin wanda ake zarewa da allura ba, a manne yake da allon lantarkin. Layin na kamfanin sadarwar Amurka ne. Da shi motar ke magana da kwamfutocin kamfanin da ya ƙera ta. In ka danna "tayar" a wayarka, saƙon ba motar yake zuwa kai tsaye ba: sai ya je wurin kamfani, kamfani ya aiko wa akwatin. To akwatin yana Kebbi yana neman sabis ɗin Amurka. Ina zai same shi?

Ɗan Argungu mazaunin Amurka:
Gaskiyar Oga Riwaya ce. Yaya, bari in ƙara maka daga nan inda abin yake aiki, don ni ina biya.

Kusan kowane kamfani yana da nasa. Toyota na da Remote Connect da Safety Connect, Hyundai na da Bluelink, Kia na da Kia Connect, General Motors kuwa OnStar ɗinsu tun 1996 yake. Salon ɗaya ne: ka sayi sabuwar mota a ba ka kyauta na wani lokaci, wani shekara ɗaya, wani uku, wani har goma in na kiran agaji ne. Ka saba, sai a ce kawo katin banki. Kamar dikodar DStv ne, akwatin naka ne amma tashoshin sai ka biya, sai dai ita dikoda aƙalla tana kamawa a Kebbi.

Lokacin gwajin yana fara ƙirga ne daga ranar da mutum na farko ya sayi motar, ba ranar da ta zo hannunka ba. Shi ya sa kai da ba ka taɓa morar abin ba ake ce maka ya kusa ƙarewa. Kuma a sharuɗɗansu suna rubuta yankin da abin ke aiki. Motar da aka sayar a Amurka, tsarinta na Amurka ne. Ko rediyon SiriusXM da za ka gani a allon, tauraronsa Arewacin Amurka yake haskawa, ba ya zuwa Afirka.

Maganar makulli ita ce mai ɗan sarƙaƙiya. A ƙarshen 2021 an yi ta cece-kuce nan, bayan da ta bayyana cewa a wasu motocin Toyota na 2018 zuwa sama, tayar da mota da makulli ma an ɗaure shi da rajistar Remote Connect, wadda a lokacin take dala 8 a wata ko 80 a shekara. Mutane suka fusata, don makulli da mota magana suke kai tsaye, babu ruwansu da intanet. Kamfanin ya ce zai sake duba lamarin. A motoci da yawa kuwa madannin makulli nasa daban ne, ba abin da ya haɗa shi da rajista. Don haka ka bari ranar ta wuce ka gwada. In ya ci gaba, falillahil hamdu. In ya daina, kuɗin da za ka ba yaron nan ba za su dawo da shi ba, domin ko an biya, saƙon buɗewar ta wancan layin zai bi.

Dattijon Gwandu:
Ikon Allah. Mu da munka tashi da fijo 504, in ka biya kuɗinka mota ta zama taka har taya. Yanzu wanga zamani mutum shi sayi mota miliyoyi, sannan a ce mashi wani ɓangare nata haya ne? Mi ya rage, sai a ce kujera ma a biya.

Ɗan Argungu mazaunin Amurka:
Baba, ai an riga an yi. A 2022 BMW ta fito da biyan wata-wata na ɗumama kujera a wasu ƙasashe, kusan dala 18 a wata, alhali wayar ɗumamawar tana cikin kujerar tun daga masana'anta. Surutu ya yi yawa, a 2023 suka janye. Mercedes kuma a 2022 ta sa dala 1,200 a shekara ga mai son a ƙara wa wasu motocinta masu lantarki ƙarfin fizga.

Dattijon Gwandu:
Ɗumama kujera dai su riƙe abinsu. Rana ta ɗauke muna wanga aiki kyauta.

Matashin Kalgo:
Ni fa ina ganin akwai hanya. A buɗe asusu da lambar Amurka, a sa VPN a waya, a biya da katin dala. Yara suna yin haka da manhajoji da yawa. Ƙila abin da yaron dilan ke nufi ke nan, kada mu yi saurin cewa ɗan damfara ne.

Riwaya na Jega:
Ƙanena, VPN wayarka yake ɓoyewa, ba motar ba. Za ka buɗe asusu, za ka sa lambar shasi, za su karɓi dalarka da hannu biyu, manhaja ta nuna maka hoton mota mai kyau. Ka danna, ta yi ta juyawa. Matsalar tana cikin akwatin da ba shi da sabis. Wani ya taɓa kawo mini tasa bayan ya biya, manhajar tana nuna masa motar tana ajiye a wani fili a Amurka, wato inda ta yi magana ta ƙarshe kafin a sa ta a jirgi, alhali ga mu tsaye a kanta a gareji.

Ko a can ma abin ba ya dawwama. Da kamfanonin sadarwar Amurka suka kashe 3G a 2022, motoci masu yawa na shekarun baya suka rasa waɗannan hidimomi gaba ɗaya, har da kiran agaji, ko mai motar na son biya.

Dila, Kamba:
Tunda an taɓo mu, bari in yi magana. Yawancinmu ba mu san wannan ba, muna ganin madannai da yawa sai mu ce "ful ofshin" mu ƙara kuɗi. Amma wanda ya ce a ba shi 120,000 ya buɗe, ya san abin da yake yi. Alhaji, ka kira maigidansa kai tsaye ka gaya masa, mai yiwuwa bai san yaron na yi ba.

Ga masu shirin saye kuma: kada ku biya ƙarin kuɗi saboda an ce mota na tashi daga waya. Ku duba abin da ke aiki a gabanku, makulli a hannunku.

Hajiya mai shinkafa, Argungu:
Ni abin da ya tsaya mini daban ne. Wanda ya fara mallakar motar, asusunsa fa? Tawa da ta zo, na tarar da sunan wata mata a allon, da lambobin wayarta, da adireshin gidanta da na wurin aikinta a taswira. Jikana ne ya shiga saiti ya goge komai ya mayar da allon yadda ya fito daga kamfani. Alhaji ka yi haka, ko don amanar baiwar Allah ko bawan Allahn da ba ka sani ba. Ka tuna kai ma ranar da za ka sayar, lambobinka suna ciki.

Ɗan Argungu mazaunin Amurka:
Hajiya ta taɓo babban abu. Nan an fi jin tsoron wannan fiye da kuɗin. A 2024 ta fito cewa General Motors na miƙa bayanan tuƙin mutane, gudu da taka birki da lokacin tafiya, ga kamfanonin da ke sayar wa masu inshora, wasu suka ga kuɗin inshorarsu ya hau ba su san dalili ba. Sai da hukumar FTC, mai kare haƙƙin masu saye a Amurka, ta shiga maganar. Ta wannan fuskar, rashin sabis ɗin da motarka ke fama da shi a Kebbi rufin asiri ne.

Malamin makaranta, Gusau:
Ranka ya daɗe, tambayarka ta maganar sata ba a amsa ta sosai ba, kuma a wurinmu ita ce gaba. A'a, wannan tsarin ba zai nemo maka mota ba. Madannin SOS ɗin ma cibiyar kamfani a can yake kira, ba 112 ta Najeriya ba, ba 122 ta jami'an kiyaye haɗurra ba. Kada iyali su hau motar suna ganin akwai agaji a saman kansu. Ka gaya musu.

Abin da ke aiki nan shi ne tiraka, wato na'urar bin sawun mota, mai layin gida, MTN ko Airtel ko Glo. Ita ma biyan ce, amma da naira, kuma kana ganin abin da ka biya. Sai dai kada a ruɗe ka. A watan Satumba na 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, duk mai tiraka a nan ya koma kamar ba shi da ita, makonni ana haka. Ko ba a katse ba, akwai dazuzzukan da sabis ba ya kaiwa. Abin da za ta ba ka shi ne wuri na ƙarshe da motar ta wuce da sabis, wanda shi za ka kai wa 'yan sanda. Kada ka ɗebi 'yan'uwa ku bi sawu da kanku.

Abu biyu da ke kashe tiraka a banza: a yi rajistar layin da NIN ɗin mai sakawa maimakon naka, ko a manta da layin ba kati ba data har kamfani ya rufe shi. Mutum yana nan yana taƙama yana da tiraka, sai ranar buƙata ya tarar layin ya mutu tun bara. Ni na sa wa kaina doka, duk ranar da albashi ya shigo ina tura wa layin kati in kuma duba ko yana amsawa.

Matashin Kalgo:
To taswirar fa? Ita ce ni ta fi burge ni a manyan allunan nan.

Riwaya na Jega:
Taswirar cikin motar ta Amurka ce, ba ta san Bunza ba. Haɗa waya da kebul, in motar na da Android Auto ko Apple CarPlay, Google Maps zai hau allon da datar wayarka. Wannan ba ya cikin abin da ake biya. Ka sauke taswirar jihar a waya tun kana gida saboda wuraren da sabis ke yankewa.

Alhaji, gargaɗi ɗaya. Za ka samu masu ce maka a cire fiyus ɗin akwatin ko a yanke wayarsa don rubutun ya daina fitowa. Kada ka bari. A wasu motoci makirfon da kake amsa waya da shi da lasifikar gaba ta cikin akwatin suka bi, ana cirewa sai ka ji mutane ba sa jin ka. Haka wajen saka tiraka ko rimot na kasuwa: motocin yanzu wayoyinsu na kwamfuta ne, wanda ya saba feɗe waya da reza ya naɗe da salatif zai haddasa maka fitilu a dashbod da cin batir cikin dare. Maganar kashe inji daga nesa da masu tiraka ke tallatawa, a haɗa ta yadda sai mota ta tsaya take aiki, ba tana kan gudu ba.

Mai tambaya, Birnin Kebbi:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kira maigidan yaron, ya ce zai yi magana da shi, ni dai ban tura komai ba. Hajiya, na duba, lallai akwai sunan wani da lambobinsa, har da wurin da aka rubuta "gida", yarona ya goge ɗazu. Makullin zan jira ranar ta wuce in gwada, zan dawo in faɗa muku abin da ya faru.

Oga Riwaya, layin tirakar ni zan saya da NIN ɗina in zo da shi, ko sai ka ga motar tukuna?

Riwaya na Jega:
Sayo ka zo da shi, wanda ya fi kamawa a hanyar Yauri. Ka zo Asabar da safe kafin rana ta yi, kuma ka taho da makullin biyu duka.