Neman shawara: rumbun bayananmu ya rabu biyu tsakanin Garwa da Marwa

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina cikin tsaka mai wuya, ga ƙarshen wata ya ƙarato. Ni ke kula da kwamfutocin wani ɗan kasuwa mai sarin shinkafa da sukari da man girki, rassa uku: Garwa, Marwa da Ngaundere. Alhaji ba ya kwanciya sai ya ga lissafin ranar, kuma tun da tsohon akawunsa ya tafi ya daina yarda da takarda, ya ce dole kowane reshe ya riƙa ganin abin da ke sito nan take. Na kafa PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, a sabar Garwa a matsayin uwa, wato wadda ake rubutu a cikinta, na ɗauki kwafi da pg_basebackup na kai Marwa a matsayin 'ya mai kwafar uwa, suna magana ta rufaffiyar hanyar WireGuard. Wata huɗu lafiya lau. Sai intanet ɗin Marwa ya yanke kwana uku, yaran shago suka tayar da hankali, na ce a buga pg_promote ta Marwa ta zama uwa. Yau da safe ta Garwa ta tsaya, wai faifai ya cika, pg_wal, jakar da rumbun ke ajiye tarihin kowane canji, ya cinye komai. Yanzu uwa biyu gare ni, kowace da cinikinta. Yaya zan haɗa su? Kuma in share tsofaffin fayilolin pg_wal?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka taɓa pg_wal da hannu. Fayilolin nan masu megabait 16 su ne littafin da rumbun ke karantawa in zai tashi. Ka share wanda yake buƙata, ba zai tashi ba. Ka yi amfani da ramin kwafi ne (replication slot), wato alamar inda 'ya ta tsaya a kwafi, shi ya sa uwa ta riƙe kowane fayil tana jiran 'yar da ba za ta dawo ba. Ka samar da fili ta wata hanya, ko ka kwashe pg_wal zuwa babban faifai ka bar mahaɗi da ln -s. In ta tashi ka duba pg_replication_slots, ka cire ramin da pg_drop_replication_slot, ka buga CHECKPOINT. Sannan ka saka max_slot_wal_keep_size, misali 20GB. Tun sigar 13 akwai shi, amma a asali ba shi da iyaka. Ba ka faɗi sigarka ba, ba ka faɗi girman faifan ba.

Ɗan Garwa:
Sigar 15 ce Yaya, faifan 120GB. A nan nake ajiye pg_dump, ajiyar bayanan rumbun, na kowane dare ma.

Injiniya:
To ai ka zuba ƙwai duk a kwando ɗaya. Ka kwashe su yau. Maganar haɗawa kuwa, babu umarnin da zai haɗa uwa biyu. pg_rewind zai iya mayar da ɗaya 'ya, amma duk abin da aka rubuta a cikinta bayan rabuwa ya tafi, kuma ba zai yi aiki ba sai an kunna wal_log_hints ko lambobin tantance shafuka (data checksums) tun kafin nan. Ka zaɓi Garwa a matsayin gaskiya, ka fitar da rasitan Marwa na kwanakin da COPY, ka shigar da su da sababbin lambobi, domin bangarorin biyu sun raba lambobi iri ɗaya. Sai ka goge Marwa ka sake pg_basebackup da -R. Magani na dindindin shi ne saba uku da Patroni da etcd, manhajojin da ke zaɓar uwa da kansu, ɗaya a kowane gari, biyu cikin uku su zaɓi uwa. Ban san wata hanya ta kirki bayan wannan ba.

Malama daga Njamena:
Injiniya, da girmamawa, wannan shawarar ta gidan sabobi ce mai wuta da sanyi. etcd a asali yana bugun zuciya kowane milisakan 100, in daƙiƙa ɗaya ta wuce ba labari sai ya kira sabon zaɓe. A layin da ke yankewa kullum zaɓe za a yi ta yi. Mafi muni, garin da ya yanke shi ne marar rinjaye: Patroni zai sauke uwarsa zuwa karatu kawai, ciniki ya tsaya. Abin da Ɗan Garwa yake gudu ke nan. Kowane reshe ya riƙe rumbunsa yana rubutu, ya aika teburin cinikinsa zuwa Garwa da CREATE PUBLICATION da CREATE SUBSCRIPTION. Makullin kowane layi ya zama UUID, doguwar lambar da ba ta maimaituwa, ko ya ɗauki lambar reshe, don kada su yi karo. Karo ɗaya kan tsayar da aikawa har sai an gyara da hannu. Ka sani wannan hanya ba ta kwafe canjin tsarin tebur ko ma'aunin lambobi (sequences), kuma ita ma tana da rami, don haka faifan reshe zai iya cika.

Mai Gyara na Marwa:
Duk wannan magana ce, masu kuɗin nan ba sa sayen batirin ko-ta-kwana. Saba a bayan buhuna, zafin Afrilu sama da digiri 40, wuta ta ɗauke sau nawa a rana, in faifai ya mutu kuma a ce mai kwamfuta ne bai iya ba. Ni dai na ce ya koma MariaDB, wani rumbun bayanai dabam, da Galera mai haɗa sabobinsa, kowace saba tana rubutu.

Injiniya:
Galera ma rinjaye take nema. Saba biyu su rabu, duka biyun su ƙi aiki, sai an ƙara garbd, mai raba gardama, a matsayin na uku. Kuma kowane rubutu sai ya zagaya duk sabobin kafin a amince da shi. Malama, hanyarki za ta sa a sayar da buhu ɗaya sau biyu.

Malama daga Njamena:
Sito ɗaya ne ko kowane reshe da nasa? Bai faɗa ba. In kowa da nasa, babu buhun da za a sayar sau biyu.

Ɗan Garwa:
Kowa da nasa, amma Ngaundere wani lokaci tana sayarwa daga na Garwa. Kuma manhajar sayenta aka yi, ba zan iya canja makullan tebur ba. Ni ban ga laifin pg_promote ba, da ban yi ba da an rufe shago kwana uku. Tsarin ya yi wata huɗu ba matsala.

Injiniya:
Wata huɗu ba a gwada shi ba ne kawai. Kuma kwafi ba ajiya ba ne: wani ya goge tebur a uwa, cikin daƙiƙa ya goge a 'ya. Ka kafa pgBackRest, manhajar ajiya, a wani faifai dabam, ka gwada dawo da shi sau ɗaya a wata.

Mai Gyara na Marwa:
Faifan, wa zai saya?

Ɗan Garwa:
Na kwashe pg_dump, Garwa ta tashi, alhamdu lillahi. Ramin ban cire ba tukuna, ina ganin ko Marwa za ta iya kamo ta. Saba ta uku kuwa ba zan iya kai wa Alhaji maganar a wannan watan ba. Rasitan Marwa sun haura ɗari huɗu, akwai hanyar da ba sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ba?

Injiniya:
Ba za ta kamo ba, ta riga ta hau nata layin tarihi. Ka cire ramin kafin dare.