Ana neman namijin tarantula a Damagaram

Sani Zango: Salamu alaikum 'yan uwa. Tarantulata, macen babban gizo-gizon nan mai jan gwiwa, ta yi saɓa kwanan baya, tana cin kyankyaso sosai, lokacin barbara ya yi. Wa ya san inda zan samu namiji? Wanda ya sayar mini ya ce Brachypelma smithi ce.

Malam Habu Birni: Wa alaikumus salam. Sani, tsaya tukuna, kar ka dogara da sunan da mai sayarwa ya faɗa. A 2017 masana biyu, Mendoza da Francke, sun sake nazarin wannan gizo-gizo na ƙasar Meziko, suka nuna cewa yawancin waɗanda ake kiwo da sunan smithi a gaskiya wani jinsi ne daban mai suna Brachypelma hamorii. Ita smithi ta ainihi daga jihar Guerrero take, a da 'yan kiwo na ce mata annitha. Hamorii kuma ta Colima, Jalisco da Michoacán ce. Har yanzu akwai masu sayarwa da tsohon suna. In ka haɗa jinsi biyu, ko dai ba ƙwai, ko 'ya'yan su fito gauraye, ka raba wa mutane abin da ba shi da suna.

Sani Zango: To Malam, yaya zan bambance?

Malam Habu Birni: Duba tushen fiƙarta da haske. Hamorii na da zane a tsaye a wurin, jan gwiwarta kuma bai kai na smithi haske ba. Amma launi na ruɗi. Saɓar da ta yi tana nan? Ka jiƙa ta da ruwan sabulu kaɗan, ka buɗe cikin, ka ɗauko hoton jakar ajiyar maniyyi. Siffarta ta fi launi tabbas.

Sani Zango: Tana nan cikin gwangwani, ban yar ba.

Hajiya Rabi: Ɗana, ni namijin ne damuwata. Sai wanda ya balaga: ƙugiya a ƙafafun gaba, ƙullutu a kan ƙananan hannayen nan na gefen baki. Ka tambayi ranar saɓarsa ta ƙarshe, don daga nan kwanansa ya fara ƙarewa, tsoho kuma ba ya aiki. A tambaya ko ya saƙa yanar maniyyi, wato yanar da namiji ke zuba maniyyinsa a kai kafin barbara.

Ila Sabon Gari: Akwai masu kiwo a Kano da Yamai, zan tambaya. Amma kar a sa shi a mota cikin zafin nan, ba zai iso da rai ba. A bari sanyi ya shigo.

Hajiya Rabi: Kuma duk Brachypelma na cikin yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji. Tsallako iyaka da shi sai da takarda, ka fara zuwa wurin ma'aikatan gandun daji.

Sani Zango: Na gode Hajiya, na gode Malam. Bayan isha'i zan turo hoton saɓar. Ila, kar ka yi ciniki da kowa sai Malam ya gani.