Ƙarin Mafi Ƙarancin Albashi Duk Shekara: Gyara Ne ko Ɓarna?

Alhaji, mai ƙaramin kamfani: Assalamu alaikum. Ni ina nan kan bakana. Dokar da za ta tilasta ƙarin albashi duk shekara ƙananan kamfanoni za ta durƙusar. Ciniki ba ya ƙaruwa don gwamnati ta sa hannu a takarda. In kuɗi bai kai ba, sallamar ma'aikata za a yi.

Hajiya, 'yar ƙungiyar ƙwadago: Wa alaikumus salam. Alhaji, shi farashin kaya jiran doka yake? A Amurka mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009, bai motsa ba. Kuɗin haya da na magani kuwa ba su tsaya ba. Wanda ba a ƙara wa ba, rage masa aka yi, a rubuce ne kawai ba a sa ba.

Malam, malamin tattalin arziki: Maganar sallama an taɓa auna ta. A 1992 jihar New Jersey a Amurka ta ɗaga mafi ƙarancin albashinta daga dala 4.25 zuwa 5.05 a awa. Masana tattalin arziki David Card da Alan Krueger suka kwatanta gidajen cin abinci na can da na maƙwabciyarta Pennsylvania, ba su ga ayyuka sun ragu ba. Card ya samu kyautar Nobel a 2021. Amma fa ƙarin nan mai ma'auni ne, ba ninki ba.

Alhaji: Malam, wannan ai ƙari ɗaya ne. Ni duk shekara nake kuka da shi.

Malam: Nan ne nake ganin kai ma ka fi samun sauƙi, Alhaji. A Faransa ana sabunta mafi ƙarancin albashi kowace 1 ga Janairu, in farashi ya tashi da kashi 2 cikin 100 kuma ya ƙaru da kansa. A Birtaniya duk watan Afrilu ne, bisa shawarar hukumar da masu kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago da masana ke zama tare. Ƙarin da ka san ranar zuwansa kana iya sa shi a lissafi. Wanda ke karya ƙashin baya shi ne a yi shiru shekaru, sai yajin aiki ya kawo shi gaba ɗaya.

Anti, akanta: Akwai abin da ba ku taɓo ba. In an ɗaga albashin ƙananan ma'aikata, wanda ya shekara 10 yana aiki sai ya tarar sabon ɗauka ya kusa kamo shi. Rigimar da nake sha a ofis ke nan.

Ƙanenku, ma'aikaci: Gaskiya ne, Anti. Inda nake aiki an yi mana ƙari, wata na gaba aka soke kuɗin ƙarin lokaci, aka rage awoyi. Abin da ya shigo hannuna bai kai na da ba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Hajiya: Sannu, ɗana. Shi ya sa muke cewa a haɗa da tilasta ba da takardar albashi mai nuna awoyi da duk abin da aka cire, a kuma tura masu bincike wuraren aiki.

Alhaji: Takardar albashi na yarda. Ƙarin kuma, sai in da irinmu a teburin, ba manyan kamfanoni kaɗai ba.

Hajiya: Yarjejeniya ta 131 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1970, ta ce a tuntuɓi wakilan masu ɗaukar aiki da na ma'aikata. Kana cikin wata ƙungiya ta masu ƙananan kamfanoni, Alhaji?