Mutanen tsibirin Guwam da ke tekun Pasifik suna zaɓen shugaban Amurka kuwa?

Dan_Bakin_Kasuwa:
Jama'a, sakamakon Guwam yakan fito tun kafin a rufe rumfunan zaɓe a yawancin Amurka. Shin ƙuri'unsu suna shiga lissafi?

Malama_Uwani:
Ko ɗaya, ɗan'uwa. 'Yan ƙasar Amurka ne tun dokar 1950, amma wakilan zaɓe 538 ke naɗa shugaba, kuma jihohi 50 da birnin Washinton kaɗai ke da su. Guwam yanki ne, ba jiha ba. Abin da suke yi tun 1980 ƙuri'ar jin ra'ayi ce. A Nuwamba agogonsu yana gaban na Washinton da awa 15, shi ya sa suke riga kowa. Ni dai abin yana ci mini tuwo a ƙwarya: 'ya'yansu suna aikin soja, amma ba su da ta cewa kan wanda zai tura su yaƙi.

Baffa_Lissafi:
Batun ƙirga ƙuri'u a Guwam kuwa, ba a yin sa a rumfa. Mai zaɓe yana cike ɗan da'irar da ke gefen suna a takarda. In an tashi, sai a gwada yawan takardu da yawan waɗanda suka sa hannu a rajista, a rufe akwati, a kai cibiya guda inda na'ura ke karantawa. Nan ake samun jinkiri: in lissafin rumfa bai daidaita ba, sai an sake bi. Majalisarsu kujera 15 ce; wanda ya cike wa mutum 16, ƙuri'arsa ta wannan gurbin ta lalace.

Malama_Uwani:
Haka ne, Baffa. A ƙuri'ar jin ra'ayi ta 2016 ma Hillary Clinton suka zaɓa, amma Trump ya hau mulki.