Musayar waƙa: kowa ya kawo nasa jerin

Ɗan Lissafi: Assalamu alaikum. Jiya ƙanena ya tambaye ni mene ne jeri, na buɗe baki zan amsa sai na ga ashe kowane fanni da abin da yake kira jeri, to ni dai ga namu na lissafi, mai ja ya fito.

Bismilla na fara da lamba, ku matso ku ji jeri,
1, 1, 2, 3, 5, 8, kowacce na kan tsari,
Haɗa biyun baya ka samu ta gaba, shi ne sirri,
Fibonacci ɗan Pisa a 1202 ya yi nazari,
Zomaye biyu ya ɗauka, ya ce su hayayyafa da wuri,
Wanda bai iya ƙirga ba ya koma gefe ya bari.

Mai Madubi:
Yaya Lissafi sannu da kiwon zomo a allon zamani,
Zomayen da ba sa mutuwa, wa ya taɓa gani?
Jerin gaske yana jikinka, a tsoka, a ƙashi, a jini,
A, T, G, C, harafi huɗu kacal, da su aka yi gini,
Biliyan uku a jere, ƙirga mana in kana da tunani.

Kuma ba wasa ba ne, a wuri ɗaya tak cikin DNA, wato ƙwayar halittar gado, GAG ta koma GTG, harafi guda aka musanya, shi ne asalin sikila. Naka jerin in an yi kuskure sai dai a goge allo.

Ummu Baiti: Kai kai kai! Anti Madubi Allah ya ƙara basira, wallahi kin kwance masa zani a kasuwa hhh

Na Bayan Malam: Wane zani kuma? Malam ya kawo shekara ya kawo suna ya kawo gari, ita haruffa huɗu ta karanto mana kamar 'yar aji ɗaya. Ku dai kun saba, duk abin da ta rubuta sai ku yi ta tafi ko karantawa ba ku yi ba

Ɗan Lissafi:
Ƙanwata Madubi ki saurara, ban zo da sharri,
Haruffan rami huɗu ne, juya su ki samu mari,
Riga ma in kin birkita ta sai ta koma gari,
Yawan harafi ba gwaninta ba ne, sai an san wuri,
Baitinki ya faɗa na farkon, nawa ya ba shi na biyun da sauri.

Alƙalin Kari: Ku dakata, ina da magana kafin a yi nisa. Malam Lissafi ɗangon da ka cusa 1202 a ciki yaya ake rera shi? Dubu ɗaya da ɗari biyu da biyu? Ai kafin ka kai ƙarshe numfashi ya ƙare. Ke ma Hajiya ɗangonki na biyu ya gaza 'yan uwansa tsawo, ɗingishi yake yi. Amsa-amo kaɗai ba shi ne waƙa ba.

Mai Madubi: Baba Alƙali a yi haƙuri, zan dawo kanka. Bari in sallami wannan tukuna.

Yaya ka yi mini aiki, na gode da bayani,
Abin da na faɗa ka maimaita, ka naɗa masa rawani,
Tun 1977 Sanger ya nuna yadda ake karanta shi a sani,
Kai kana nan kana ƙirga zomo tun wancan ƙarni.

Ɗan Edita: nima bari in ɗan taɓa, ban ƙware ba a yafe ni

Ni a fim nake, jeri a wajenmu fitowa ce bayan fitowa,
Hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, ido ya ɗauka motsi ne ke zuwa,
In ka sa kuka kafin a mutu, 'yan kallo su ce wannan editan wawa.

Alƙalin Kari: Ɗana wannan labari ne ka ɗaura wa wutsiya. Kuma ƙwar uku ka yi ko na huɗun ne ya ɓata a hanya?

Ummu Baiti: Haba Baba, yaro ya ce bai ƙware ba ai sai a lallaɓa shi. Kullum kai ne mai jan biro amma tunda aka fara ba mu taɓa ganin baitinka ko ɗaya ba

Alƙalin Kari: 'Yata ba sai na haifi doki zan gane gurgu ba. Aruli ilimi ne, Khalil bin Ahmad na Basra ne ya tsara shi tun ƙarni na 8, ya fitar da karuruwa 15 daga baya Akhfash ya ƙara na 16. Gaɓa mai nauyi da marar nauyi kowacce da mazauninta, fa'ulun fa'ulun fa'ulun, in ka sauya wa ɗaya wuri ƙafa ta karye. Ku gaya mini wane kari waɗannan baitocin suka hau, Mutaƙarab ne ko Rajaz ko Kamil, ni dai kunnena bai ji ko ɗaya ba.

Na Bayan Malam: Na Malam sun hau, kunnenka ne

Ɗan Edita: ni fa ban san ma ana ƙirga gaɓa ba, na ɗauka in ƙarshe ya yi daidai shi ke nan

Mai Taurari: Afuwan jama'a sai yanzu na samu caji, na ga an yi nisa, amma ga amsata ga baitin farko

Ku bar zomo ku bar jini, ku ɗaga kai sama,
Babban jeri na taurari, can rana take zama,
Shekara biliyan 4.6 tana ci, ba ta ce ta gama,
Ku kwana biyu da musu har kun fara haƙi da hamma.

Ummu Baiti: Malam an wuce nan tun jiya, yanzu rigimar kari ake

Ɗan Lissafi: Baba Alƙali ranka ya daɗe, ka shigo gonata ba ka sani ba. Ba wa marar nauyi 1, mai nauyi 2, sai ka tambayi kanka hanya nawa za a cike ma'auni 3? Uku. Ma'auni 4 fa? Biyar. Ma'auni 5, takwas. Lambobina ne ke nan ɗaya bayan ɗaya, kuma masana waƙa na Indiya ta haka suka gano su, Hemachandra ya rubuta wajen 1150 tun ba a haifi Fibonacci ba.

Alƙali ka zo kama ni, ashe a gidana ka kwana,
Gaɓar da kake awo da ita, jikar lambobina.

Mai Madubi: La ila, da bakinka!

Ashe zomon ma na aro ne, Yaya ka tona asiri,
Mawaƙa suka riga ku, kuka zo kuka canja masa gari,
Na ari amsa-amonka in nuna maka yadda ake mari.

Ummu Baiti: TA GAMA DA SHI, a tashi haka nan

Na Bayan Malam: Ba inda za a tashi, Malam yana rubutu

Alƙalin Kari: Kwana da lambobina, wannan amsa-amon na yarda da shi. Amma ɗango na biyu ya gaza na farko da gaɓa ɗaya, na ƙirga sau uku. Gyara tukuna sannan mu yi maganar Indiya.