Na katse wa dattijo magana a taro, wa ya taɓa shiga irin wannan?

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya ni na shugabanci taron ƙungiyarmu, kuma har yanzu raina bai kwanta ba. Wani dattijo ya miƙe ya tambayi inda kuɗin gudunmawa suka shiga. Tambaya ce mai kyau. Sai ya zarce ya nuna ma'aji da yatsa ya ce masa ɓarawo. Na ce, "Baba, a janye wannan kalma ko a zauna." Ya tattara takardunsa ya fice, mutum uku suka bi bayansa. Da dare aka yi ta kirana wai na toshe bakin mai gaskiya. Duk wanda ya taɓa hana wani magana, ko shi aka hana, ya faɗa mana yadda ta kaya.

Tsohon sakatare:
Wa alaikumus salam Malam. Kan kalmar ba ka yi kuskure ba, amma ina tambayar ta shiga? Shekara 6 na yi ina rubuta bayanin taro, kuma sau da yawa na ga idan aka zaunar da mai zagi, tambayarsa ma sai ta zauna tare da shi. Nan ne mutane suke jin an yi rufa-rufa. Ranar da riƙon taro ya faɗo kaina, na tsayar da wani kamar yadda ka yi, sannan na juya da kaina na ce, "Ma'aji, kawo rasit." Wanda na tsayar ɗin ya koma kujerarsa yana huci, amma bai fita ba.

Ko majalisar dokokin Birtaniya tana da wannan ƙa'ida. A Yulin 2021 'yar majalisa Dawn Butler ta ce Firaminista Boris Johnson ya yi ta sharara ƙarya, aka ce ta janye, ta ƙi, aka fitar da ita daga zauren na sauran wunin. Wuni ɗaya tak, ba a ƙwace kujerarta ba, kuma abin da ta faɗa yana nan a kundin zaman.

Wadda aka taɓa rufe wa baki:
Ni ta ɗaya ɓangaren na gani. A rukuninmu na WhatsApp na abokan aiki na rubuta cewa rabon aikin dare babu adalci. Ban zagi kowa ba wallahi, ko suna ban kama ba. Kafin in ajiye wayar saƙon ya ɓace, sai alamar cewa admin ya goge shi, da sunansa ɓaro-ɓaro, tunda daga 2022 manhajar ta ba su wannan iko. Ya kuma kulle rukunin, shi kaɗai ke iya rubutu. Abin da ya fi ƙona min rai, mako ɗaya kafin nan amininsa ya ce wa wata ma'aikaciya jahila, saƙon ya kwana uku ba wanda ya taɓa shi, shi kansa ma har da tura alamar dariya. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Maganar kuwa ba ta mutu ba, wani rukunin aka buɗe ba da shi ba, kuma abin da ake faɗa a can ya fi nawa zafi nesa ba kusa ba.

Wani malamin makaranta:
Allah ya huci zuciyarki, Yaya. Ni kuma sakin linzami ne ya ba ni kunya. Ina kula da muhawarar ɗalibai, na ce kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Cikin wata guda samari biyu masu ƙarfin murya suka mamaye wurin, duk wanda ya yi tuntuɓen harshe su kwashe da dariya. Wata yarinya da ta fi su karatu ta daina ɗaga hannu, daga baya ta daina zuwa. Ban hana kowa magana ba, su suka hana a madadina ina kallo.

Da na sa minti 3 ga kowa, na kuma hana taɓa mutuncin mutum, ɗayansu ya ce na tauye masa 'yancin faɗin albarkacin baki. Na karanta masa sashe na 19 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙin jama'a da na siyasa. Sakin layi na 3 ya yarda a yi iyaka domin kare haƙƙi da mutuncin wasu, da sharaɗin dokar tana rubuce kuma akwai buƙatarta. Gwamnatoci ta ɗaure, ba ajina ba, amma sharaɗin rubutawar nan ya kama ni, don sai da rigima ta tashi na ƙirƙiro tawa.

Mai buɗe zance:
Mu ma ba mu da ita a rubuce, Malam. Kuma gaskiyar Sakatare, ban ce a kawo rasit ba, na wuce batu na gaba ne don a samu lafiya. Gobe zan je wurin Baba da kaina. Bayanin kuɗi shi ne batu na farko a zama mai zuwa, na riga na sanar da ma'aji ya zo da littafinsa.