Neman shawara: ina so in zama malamin lissafi a New York amma Baba ya ce ba bashin ruwa

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Shekarata 20, Babanmu ne ya kawo mu Bronx ina ɗan shekara 15, ina da katin zama na dindindin, yanzu ina simista ta biyu a wata kwalejin shekara biyu. Ni ne na farko a gidanmu da ya taka jami'a, Baba tasi yake ja, ni kuma ina aikin dare a wani sito kwana huɗu a sati don in taimaka da haya. Toh matsalar ita ce kwas ɗin lissafi na wannan simistar yana neman kayar da ni, na faɗi gwaji biyu, ba wai ban gane ba wlh, barci ne kawai, ina tashi aiki ƙarfe 6 in shiga aji ƙarfe 9. Burina in koyar da lissafi a sakandare saboda lokacin da na zo ban jin Turanci sosai lissafi ne kaɗai ajin da nake ɗaga hannu. Baba ya ce ko da wasa kar in ci bashi mai ruwa kuma na yarda da shi. Abokina ya ce akwai sikolashif na baƙaƙe da 'yan tsiraru, wani kuma ya ce an soke su duka. In ajiye kwas ɗin ne? Kuma ina zan samu kuɗin ƙarasawa?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam ɗana. Kar ka taɓa kwas ɗin nan sai ka je ofishin tallafin kuɗi na makarantarku ka zauna da mutum ido da ido, gobe in Allah ya kai mu ba jibi ba. Ɗiyata ta ajiye kwas biyu a simista ɗaya ba ta gaya wa kowa ba, sai wasiƙa muka gani an dakatar da tallafinta, mun sha wahala kafin a dawo da shi. Kuɗin gwamnati suna da sharaɗi, GPA ɗinka, wato matsakaicin makinka, kar ya sauka ƙasa da 2.0 kuma sai kana cin wajen kashi biyu cikin uku na kiredit ɗin da ka ɗauka, wanda ka ajiye aka sa maka W shi ma ana lissafa shi cikin wanda ka ɗauka. In kuma ka sauko ƙasa da kiredit 12 Pell ɗinka, wato tallafin gwamnatin tarayya na ɗalibai marasa ƙarfi, zai iya raguwa. Ka dai cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin gwamnatin tarayya, na bana ko? Da TAP, tallafin kuɗin makaranta na jihar New York?

Ɗan Fagge:
Eh Mama na cike duka biyun, su ne ma ke biyan kuɗin makarantar. Littattafai da kuɗin jirgin ƙasa da haya ne ke cin albashina.

Malamin Sakandare:
Ƙanina na ji daɗin ganin wannan rubutu, shekarata takwas ina koyarwa a Bronx kuma muna matuƙar buƙatar irinku, yara 'yan Afirka ta Yamma sun cika ajujuwanmu, da yawa iyayensu Hausa suke ji ko Fulatanci ko Twi, ranar taron iyaye ni ake nema in yi tafinta. Bari in fara da maganar an soke. Abin da ya faru shi ne a watan Yuni 2023 Kotun Ƙoli ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, shari'ar Harvard da Jami'ar North Carolina ke nan, bayan nan makarantu da yawa suka sauya sharuɗɗan sikolashif ɗinsu. Amma yawancin taimakon da ya dace da kai tun asali ba da launi ake ba da shi ba, ana duba ƙarancin kuɗin shigar gida ne da kuma ko iyayenka sun yi digiri, kai kuwa duka biyun ka cika. Don haka ka daina tambayar ina na baƙaƙe, ka shiga ofis ka ce ni ne na farko a gidanmu kuma ina karɓar Pell, me kuke da shi.

In kwalejinku ta CUNY ce, wato jami'ar birnin New York, ka nemi shirinsu na tallafa wa ɗalibai mai suna ASAP maza-maza, tun 2007 ake yinsa, suna ba da katin jirgi da bas, suna taimakawa da kuɗin littattafai, su haɗa ka da mai ba da shawara naka na kanka wanda zai riƙa bibiyarka. Akwai iyakar kiredit da in ka wuce ba za su ɗauke ka ba shi ya sa na ce maza. Sannan NYC Men Teach, an fara shi 2015 don a samu ƙarin malamai maza daga cikin baƙaƙe da Latino da 'yan Asiya, suna da wakilai a makarantun CUNY, suna haɗa ka da tsohon malami kuma su taimaka da shirin jarabawar lasisi. Ka tambaya kuma ko akwai TRIO a wajenku, shirin gwamnatin tarayya na taimakon ɗalibai irinka.

Ɗan Zangon Kumasi:
Ka nemi TEACH Grant, yana kai har dala 4,000 duk shekara kyauta ga masu son koyarwa.

Malamin Sakandare:
Ɗan uwa a yi hattara da kalmar kyauta a nan, musamman ga wanda mahaifinsa ya yi maganar ruwa. TEACH kana sa hannu ne cewa za ka koyar shekara 4 cikin shekara 8 bayan ka gama, a makarantar yaran marasa ƙarfi, a fannin da ake ƙarancin malamai irin lissafi. In ba ka cika ba, duk kuɗin su koma bashi kuma ruwan ana lissafa shi tun daga ranar da aka ba ka, ba daga ranar da ka fasa ba. Na san wanda ya koyar shekara biyu ya koma wani aiki, yau yana biya. Kuma yawanci suna son GPA 3.25, ba kowace makaranta ce ke ciki ba ma. Haka sikolashif ɗin Noyce na masu lissafi da kimiyya, ya fi kauri, aƙalla dala 10,000 a shekara, amma kowace shekara ɗaya da suka biya maka za ka koyar biyu, in ka fasa ka mayar. Ban ce kar ya karɓa ba, na ce ya bari sai ya shiga aji ya ɗanɗana ya tabbatar zai iya zama da yara 30 kullum. Ka kuma sani a New York lasisin farko na shekara biyar ne, sai ka yi digiri na biyu kafin a ba ka na gaba, ka sa wannan a lissafinka tun yanzu.

Ɗan Zangon Kumasi:
Gaskiya ban san da batun ruwan ba, na gode Malam.

Anti Nas:
Ni dai aikin daren nan ne ya tsaya min a rai. Duk wani sikolashif mai tsoka maki yake bi, ka ga na Jack Kent Cooke na masu tashi daga kwalejin shekara biyu zuwa ta huɗu yana kai har dala 55,000 a shekara amma sai kana da 3.5 kuma gasar ba wasa ba ce, toh ta yaya za ka kai can kana barci a aji? Ka zauna da Babanku ka nuna masa lissafin a takarda, in ASAP ta ɗauke maka jirgi da littattafai nawa ka huta, sai ka rage dare biyu ko ka roƙi a mayar da kai ƙarshen mako. Iyayenmu in ka zo musu da lamba suna fahimta, abin da ba sa so shi ne a ce musu na gaji kawai. Sannan kwalejinku tana da wurin koyar da lissafi kyauta, ɗalibai ne 'yan uwanka ke koyarwa kuma biyansu ake yi, yanzu ka je a matsayin mai neman taimako, in ka ci kwas ɗin da kyau ka koma ka nemi aikin, ga kuɗi ga gogewar koyarwa ga wanda zai rubuta maka takardar shaida. Malamin kwas ɗin ma ka same shi a ofis a lokacin da ya ware ka faɗa masa gaskiyar halin da kake ciki, ba rashin kunya ba ne, a nan haka ake yi.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka da alheri, Allah ya raya muku zuri'a. Na duba, kwalejinmu ta CUNY ce kuma kiredit 12 kawai na gama. Na tura wa malamin saƙo ya ce in zo Laraba ƙarfe 2, ranar ƙarshe ta ajiye kwas kuma saura sati uku don haka ina da lokacin gwaji ɗaya kafin in yanke. Malam don Allah in Baba ya nemi jin batun TEACH daga bakin babba za ka iya yi masa magana? Ya fi jin maganar manya.

Malamin Sakandare:
Ba damuwa ƙanina, ka fara zuwa ofishin ASAP tukun, in ka dawo ka sanar da ni, sai mu haɗu da Baba bayan Juma'a.